Gidan Iskar Motar Ungozoma

Da la'asar sakaliya ungozoma ta shigo gareji da tsohuwar motarta, motar na tafe tana tari kamar mai mura. Bakanike ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma. Ita ta karɓi haihuwar matarsa kwana goma sha biyu da suka wuce, don haka ba shi da bakin ce mata ta dawo gobe.

"Inna, wannan tsohuwar taki ai ta fi ki gajiya," ya ce.

"Kai dai duba min ita, ɗan nan. Sati guda ke nan, in na taka totur sai ta yi kamar ana riƙe ta ta baya. A tsaye kuma sai kakkarwa. Ga shan mai kamar ana bin ta da bokiti."

Ya ɗaga bonet ya kasa kunne. Injin na tsallake bugu, ya yi uku daidai ya rasa ɗaya. Ya kwance fulogai, duk huɗun sun yi baƙi ƙirin, amma wuta na zuwa. Filtar mai lafiya lau. Ya zaga baya, ya ga salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai yaji a ido.

"Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan," ya ce. "Injin nan numfashi yake nema."

Ana cikin haka aka kira ta a waya, wata na naƙuda. Ta miƙa masa makulli ta tari tasi ta wuce.

Shi kaɗai ya buɗe gidan filtar iska. A ciki ya tarar da wani dunƙule na auduga da gashi mai laushi, an saƙa shi tsaf, tsakiyarsa ta lotsa kamar an kwanta a kai. Ya toshe hanyar iska gaba ɗaya. Ya ce a ransa aikin ɓeraye ne. Sai dai babu kashin ɓera, babu warinsa. Ƙamshin nono yake yi, irin na kan jariri. Ya juya shi a hannu, ya jefa a duron shara da ke bakin ƙofa, ya wanke fulogan ya mayar.

Motar ta tashi sumul. Ya ce wa tsohon da ke gadin garejin zai gwada ta ya dawo, ya hau hanyar da ke bayan gareji, wadda ke zuwa tsohon wurin fasa dutse. Ba gida ko ɗaya a kanta, sai ciyawa da turakun lantarki.

Rana ta faɗi, ja ya rage kaɗan a sama. Ya saka giya ta huɗu, motar na gudu kamar sabuwa. Har ya fara murmushi.

Sai ta yi nauyi.

Ya taka totur har ƙasa. Injin ya yi ƙugi, gudun na raguwa. Bayan motar ya sauka a hankali, ya ji ƙarfen ƙasa ya yi ƙara, irin ta lokacin da mutum mai jiki ya zauna. Ya duba madubi. Kujerar baya babu kowa, amma katifarta ta lotsa a tsakiya.

Kakkarwar ta dawo. Uku daidai, ɗaya ya ɓace. Ya kasa kunne yadda ya saba, sai ya gane abin da bai gane ba ɗazu. A daidai inda bugun ke ɓacewa, wani abu ne ke jan numfashi a ƙarƙashin bonet. Ƙaramin numfashi, mai shessheƙa.

Motar ta mutu a tsakiyar hanya.

Tsit. Ko kukan gyare babu. Injin na ƙas-ƙas yana hucewa. Ƙamshin nonon nan ya cika motar, har ya danne warin fetur.

"Ina shimfiɗar ɗana?"

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, dab da ƙeyarsa. Iskar bakinta sanyi ƙalau.

Ya fara addu'a a ransa.

"A kan ƙarfe ka bar shi," ta ce. "Yana jin sanyi."

"Ban sani ba, baiwar Allah," ya ce da ƙyar. "Wallahi na ɗauka ɓeraye ne."

"Naka yana da zani mai taushi. Shuɗi. Na gani. In duhu ya rufa ban ga tawa ba, zan je in ɗauko. Da abin da ke ciki."

Ya murɗa makulli. Motar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. A karo na uku ta kama tana tari. Ya juya ta ya nufi gareji.

Ba ta wuce giya ta biyu ba duk hanyar. Yana takawa, tana ja da ƙyar. A bayansa ana raira wani abu ta hanci, irin na lallashin yaro. Bai sake kallon madubi ba. Sama kawai yake kallo, jan na ƙanƙancewa.

Tun daga nesa ya hango hayaƙi a ƙofar gareji.

Maigadi ya cinna wa shara wuta.

Ya faɗo daga motar kafin ta gama tsayawa.

"Baba, kauce!"

"Kai, lafiya? Wuta ce fa!"

Ya zura hannu cikin duron har gwiwar hannu. Tsummokaran baƙin mai na ci bal-bal. Ya lalubo, ya lalubo, fatarsa na ƙauri. Yatsunsa suka taɓa abu mai laushi. Ya fizgo shi. Gefe ɗaya kawai ya babbake.

Ya ruga ya buɗe bonet, ya ɗaga murfin gidan filtar, ya shimfiɗa dunƙulen yadda ya same shi. Bai ga kowa ba. Ya dai ga tsakiyar audugar ta lotsa a hankali.

Shessheƙar ta tsaya.

Bayan motar ya ɗago. Ƙofar baya ta buɗe, ta rufe.

Da gudu ya isa gida. Ya tarar da matarsa a tsaye a tsakar ɗaki, ta ƙanƙame jaririn, tana cewa yanzun nan ta ji an ja bakin zaninsa sau biyu, sannan aka saki.

Washegari ungozoma ce ta wanke masa ƙunar ta ɗaure. Ya ba ta labari bai rage komai ba. Ba ta yi dariya ba.

"Mai jego ba a tashinta," ta ce. "Ka bar motar inda take."

Suka tura ta lungun gareji suka rufe da tamfol. Ba a sake tayar da ita ba, amma kullum da safe in ya ɗora hannu a bonet sai ya ji ɗumi. Yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, har ya koyi riƙe sifana da hagu. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, wata safiya ya taɓa bonet ya ji shi sanyi. A ƙasa, cikin baƙin man da ya zube, akwai sawun ƙananan ƙafafu, a karkace, irin na mai koyon tafiya. Sun nufi ƙofa.