Waɗanda Aka Ce Su Koma

Da jini ya ɓalle wa Sa'ade bayan haihuwa, na'urar kiran gaggawa da ke jikin bango ba ta tsaya jiran kowa ba. Ba-jira ake ce mata a Sabuwar Gaya, kuma ta ci sunanta. Ta kira motar asibiti mai tuƙa kanta, kafin amsa ta dawo ta sanar da likita, ta aika wa duk mai irin jinin Sa'ade a garin ya taimaka. Haka take aiki, kamar mace mai tukwane da yawa a murhu: ta ɗora wannan, ta juya tankaɗe, wadda ta tafasa ta koma kanta.

Sa'ade ta rayu, alhamdulillahi. Kakarta Inna Tasalla, wadda ba ta kwana da alherin mutum ba ta je godiya ba, ta dama fura ta nufi wurin Ɗanlami, ɗan ƙanwarta, injiniyan da ke kula da na'urar.

"Wa ya ba jikata jini?"

"Wani makanike ne, Inna. Shi ya fara isa."

"Shi zan je gidansa. Sauran fa?"

"Ana samun na farko take soke sauran. Ta ce su koma, an gode. Ba ta riƙe sunansu."

"Bango ne ya gode musu? Ɗanlami, mutum ya bar tuwonsa a wuta ya sa takalmi saboda jikata. Jininsa bai shiga jikinta ba, amma ƙafarsa ta taka."

"To Inna, ai furar ba za ta kai ba."

"Taka ce za a rage."

Ta bi unguwa gida-gida tana tambaya. A lungun maɗinka ta samu Ladidi, wadda aka mayar daga bakin asibiti.

"Kullum haka ne, Inna. In bar ɗinki in ruga, a ce in koma. Na ce na daina, ai wani zai riga ni."

Inna Tasalla ta riƙe hannunta, ta sa mata albarka har da iyayenta, ta miƙa mata kwanon furar. Ladidi ba ta sha rabi ba wayarta ta yi ƙara. Ba-jira ce, ana neman jini. Ta dubi kwanon, ta dubi tsohuwa, ta jawo mayafi ta fita.

Inna ta leƙa titi don ta ga su wa za su bi bayan Ladidi. Gida nawa aka kira, Allah ya sani. Ƙofar Ladidi kaɗai ta buɗe.

Ta ɗauki sauran furar ta yi sallama a gida na gaba.