Jikar Ciɗo

A ɗakin karatu na jami'ar Tawa Manzo ya fara ganin Zuhura, ta kifa kai a kan littafi. Aikin ƙarshen karatunta take yi a kan wata basarakiyar Turawa ta zamanin da.

"Lafiya, malama?"

"Na gaji ne. Na san ubanta da kakanninta da mazan da aka aura mata, amma babu wanda ya rubuta ko ta taɓa dariya."

"To ke ki yi, in rubuta."

Ta yi. Daga ranar yake kiranta Gimbiya.

Sai dai a gidansu Zuhura ma akwai tasu basarakiyar: Ciɗo, 'yar sarautar Affala, wadda ake jero zuriyarta a kowane biki. Da Manzo ya aiko manya, mahaifinta Alhaji Attahir ya tura bincike Takanamat, garinsu Manzo. Aka tarar kakan Manzo baƙo ne da fari ya koro, ba a san ubansa ba.

"Ranar ɗaurin aure mi sanƙira zai faɗi?" in ji Alhaji. "Ya jero namu, ya zo kan ango ya yi shiru?"

Haka muke. Saurayi da ilminsa da halinsa, amma abin da zai fito daga bakin maroƙi ake tsoro!

Har damina ta wuce ana abu guda. Wani ɗan baffanta ya fara zarya. Manzo ya turo saƙo: "Gimbiya, na gaji da roƙo. Ba ni da kakan da zan tono. In kin haƙura, ba zan ga laifinki ba."

Ta amsa: "Ni ma na gaji, Manzona. Amma ba da kai ba."

Ta tafi Affala wurin kakarta Raƙiya, ta zauna ta yi kuka. Washegari tsohuwar ta shigo mota har Tawa.

"Attahir, jero mini kakanninka."

Ya jero, har ya kai kan Ciɗo da mijinta Tijjani.

"Tijjani ɗan wa?"

"Ban sani ba," in ji Alhaji.

"Ni ma ban sani ba," in ji ta. "Daga kanshi maroƙa ke farawa, ba ka taɓa jin kunya ba. Ka bar yaron ga. Gwiwata na ciwo, kar ka sa in sake dawowa."

Ranar ɗaurin aure sanƙira ya jero kakannin amarya har muryarsa ta dushe. Da ya zo kan ango, sai ya ɗaga hannu: "Manzo, mijin Zuhura! Allah ya ba da zuriya!"

Aka shafa fatiha. Wayar Manzo ta yi ƙara a aljihu, saƙon Zuhura ne.

"Daga kanka jikokinmu za su fara. Ka rubuta musu cewa yau na yi dariya."