Hurera da Kwalbar da Babu Komai a Ciki

A wani gari can, an yi wata ɗaliba mai suna Hurera. Wata rana ta karanta a littafin kimiyya cewa ko an zuƙe iskar wuri ƙarƙaf, akwai ɗan ƙarfin da ke motsi a cikinsa. Abin ya tsaya mata a rai.

Ta zuƙe iskar kwalba da sirinji, ta toshe, ta haɗa mata waya da ƙwan fitila, ko ƙarfin nan zai kunna shi. Ƙwai bai kama ba. Ta sake kwalba. Ƙwai bai kama ba.

Ranar baje kolin makaranta, ƙawarta Tasalla ta miƙo mata batir. "Ɓoye a ƙarƙashin tebur, ki haɗa da ƙwan. Wa zai duba?"

Hurera ta jujjuya batirin, ta mayar mata.

Malamin kimiyya ya iso. "Ina wutar?"

"Malam, bai kama ba."

Yara suka fashe da dariya. Malam ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tebur, yadda ya leƙa na kowa. Can ma babu komai.

Kyauta ta tafi wani tebur. Amma da Malam zai wuce ya ce mata, "Gobe ki same ni. Littafin nan da kika karanta yana da na biyu."