Tokar Baba a Tsakiyar Fili

Ranar Lahadi da almuru muka kai Baba filin ƙwallon jami'a, ni da ƙanwarsa, Goggo Verlene. Yana cikin gwangwanin gahawa a jakata. Wasiyyarsa ke nan: a ƙona gawarsa, a zuba tokar a tsakiyar fili. Jami'a ta hana, amma rabin garin nan sun zuba nasu a ɓoye. Sai namu ne zai zama laifi?

Baba ya so ƙungiyar ƙwallon jami'ar nan kamar ransa. A zamaninsa baƙar fata ba ya shiga kallo, sai farar fata. Kan tudun bayan shinge suke tsayawa, su hango rabin wasa, su ƙarasa sauran da kunne. Ko da aka buɗe wa kowa ƙofa, zuciya ta hana shi shiga. Ya ce ba benci yake so ba, sai tsakiya.

Muka bi ta ƙofar masu shara. Ba kowa. Sai ƙamshin yankakkiyar ciyawa, da ɓawon dafaffiyar gyaɗa na wasan jiya yana ƙara a ƙarƙashin takalmi.

Muna taka ciyawa tsuntsaye suka yi tsit.

Dum. Dum.

Ƙarar daga tsohon ɓangaren yamma take, mai bencin ƙarfe. Haka 'yan kallo ke buga ƙafa in suna son rikita abokan karawa. Warin tabar lofe ya cika mini hanci.

"Kar ki waiwaya, Odessa," Goggo ta raɗa mini.

Na waiwaya. Benci ya cika maƙil da maza masu malafa irin ta da. Ba fuska ko ɗaya. Gwiwoyi kawai ke tashi suna sauka tare.

Wata murya ta zo daidai kunnena, a sanyaye.

"Yarinya, kun ɓata hanya. Wurinku yana bayan shinge."

Tsoro na ji, ba kaɗan ba.

Goggo ta ɗaga sandarta. "Yarinya uwarka! Kun mutu ma ba ku yi hankali ba? Buɗe, Odessa!"

Na durƙusa a kan farin layin tsakiya. Wani hannu mai sanyi ya damƙe mini wuyan hannu. Na ɓalle murfin da haƙori.

Iska ta taso, ta fara kwasar tokar tana yin wajen shinge da ita.

Nan tsoro ya koma fushi. Na kife gwangwanin, na danne da ƙirjina. Goggo ta tuttula shayin gorarta a kai. Muka cuɗa Baba da ƙasa da tafin hannu har ya zama taɓo.

Na ɗaga murya: "To, ku ɗauke shi mu gani!"

Bugun ya tsaya.

Sai muka ji suna saukowa.

Na goya Goggo, na zura da gudu. Ƙofa ta rufe a bayanmu da ƙarfi har ta datse sandarta gida biyu.

Shatin yatsun nan bai bar hannuna ba, kuma yana zugi duk ranar wasa. Goggo kuwa ba ta sake jin ɗumi ba, ko da bazara bargo take rufa. Ta rasu a watan jiya. Ta bar wasiyya a zuba tokarta a kan bencin ƙarfen, a sahun farko, wai su matsa mata. Lahadin nan zan kai ta.