Numfashin da Ke Ɗaukewa

"Wato a falo kike kwana?!"

Yayar mijina ce tsaye a kaina da sassafe, idonta a kan bargon da nake ƙoƙarin turawa bayan kujera.

"Yaya, ba haka ba ne..."

"Rufe min baki! Ƙanin nawa kike ƙyama?"

Na waiwaya ina neman mijina. Yana jingine da ƙofar ɗaki, kansa a ƙasa.

Wannan sunkuyar da kan ya fi faɗan Yaya ciwo.

Tela nake kiransa tun muna saurayi da budurwa, shi kuma ya ce min Fitilata. A da siriri ne, mai saurin dariya. Da shago ya karɓu sai ya koma wuni zaune a kan keken ɗinki, lemon kwalba a dama, ƙunshin nama da hanta a hagu. Jiki ya buɗe, wuya ya cika. Sai minshari.

Ba ƙarar ce ta kore ni ba. Yana cikin ja sai numfashin ya ɗauke ɗif... in zuba wa ƙirjinsa ido har sai ya shaƙe ya fizgo shi. Na ce mu je asibiti, ya ce raini ne. Na sake faɗa, ya daina cin abincina. Da na gaji da fargaba, na ɗauki bargo na koma falo.

A ranar da ta same ni a falo Yaya ta sa na haɗa kaya.

"Mata ba su ƙare ba," ta ce. "Akwai mai kai masa abinci shago kullum, ba ta taɓa yamutsa fuska ba."

A gidan Mama na koma kamar baƙuwa. Ƙannena su fita makaranta, Mama ta tafi aiki, a bar ni da agogon bango. In share inda na riga na share. In ɗauki waya, in ajiye. Abin da ke cin raina ɗaya ne: idan numfashin ya ɗauke yanzu, wa zai taɓa kafaɗarsa?

Wata la'asar wayar ta yi ƙara.

"Fitilata..." Tela ne. "Ƙafata. Ina asibiti."

Ban san lokacin da na zura takalmi ba.

Na same shi a kan gado, babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur yana sheƙi, ko zani ba ya so ya taɓa wurin. Yaya na gefe, ta kau da kai.

Likita ta ce wani sinadari ne, yurik asid, ya yi yawa a jininsa har ya taru a gaɓa. Ta tambayi abin da yake ci da sha, ya faɗa a kunyace.

"Yana minshari?" likita ta tambaya.

"Wane namiji ne ba ya yi?" in ji Yaya.

"Numfashinsa yana tsayawa a barci? Wa ke kwana kusa da shi?"

Likita ta juyo gare ni.

"Yana tsayawa, likita," na ce, hawaye suka ɓalle min. "Har sai na girgiza shi. Wani lokaci in ɗauka ya tafi ke nan..."

Likita ta gyaɗa kai. Ta ce sau da yawa ana ganin abubuwan nan tare a jikin mutum ɗaya, kuma za a gwada barcinsa. Ta ce ya rage nama da lemo, ya yawaita ruwa, ya riƙa tafiya a ƙasa idan ƙafar ta lafa.

Tela ya daɗe yana kallona.

"Tsoro kike ji? Ni na ɗauka kin gaji da ni ne..."

"Na faɗa maka, Tela."

"Kin faɗa. Kunya ce ta toshe min kunne. Ki yafe min, Fitilata. Gidan ba ya zaunuwa."

Yaya ta miƙe tana gyara mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ƙanwata, ki riƙo shi. Bari in samo mota."

Takalmi ya ƙi shiga ƙafar, sai na riƙe shi a hannu. Tela ya dafa kafaɗata muka fito a hankali, yana ɗingishi.

Wallahi yana da nauyi. Ban ce ya sassauta ba.