Jan Mayafi a Ranar Gauraka

Tun safe Dalanda ba ta ga tsuntsu ko ɗaya ba.

Madubin hangen nesa na manne a idonta, amma bakin gaɓa ta saita shi, inda Haikal, saurayin da zobensa ke yatsanta, ya sunkuyo yana raɗa a kunnen wata.

"'Yata, zalɓe ne can ko balbela?" in ji Kawu Munsif, wanda aka haɗa ta da shi a gasar kallon tsuntsaye ta bana.

"Sirin ce."

"Wannan ba ta cikin waɗanda muke nema," ya ce, ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Duk kaka, idan tsuntsaye suka ƙetaro teku suka sauka a tsibirin Ƙarƙana, matasa kan fita bibbiyu gasar ƙirga su, wasa-wasa, waɗanda suka zo ƙarshe su dafa wa kowa kuskus da kifi. Doka biyu ce kawai. Ba a sa tufa mai haske, kuma ba a yarda an ga tsuntsu sai mutum biyun sun gan shi tare. Wato kafaɗa da kafaɗa, murya ƙasa-ƙasa...

Kullum ita da Haikal suke fita. Bana mahaifiyarsa, Umma Zakiya, ta kawo Sirin, 'yar ƙawarta daga birnin Safaƙus.

"Baƙuwa ce, ba ta san hanya ba. Ka riƙe ta yau ɗaya, ai Dalanda ba za ta mutu ba."

Kowa ya san Umma Zakiya ba ta taɓa son 'yar masunta a gidanta ba. Ita kuwa baƙuwar da ba ta san hanya ba, Dalanda ta ga yadda take tsallake laka tamkar a ciki aka yanke mata cibi. Sai an zo kusa da Haikal ne santsi ke kwasarta.

Bayan azahar kuka ya taso daga sama. Gaurakin farko na shekara! Suka yi ta kewaya kafin su sauka a fadamar da ruwa ya janye, kowa ya durƙusa a bayan ciyayi, ko tari babu. Dalanda ta ga Sirin ta kama hannun Haikal, ta jingina kanta a kafaɗarsa.

Bai janye ba.

Kishi ya turnuƙe ta har ba ta gani sosai. Ta buɗe jakarta ta zaro jan mayafin baikonta, wanda ta yi niyyar yafawa da yamma wajen cin kuskus.

"Dalanda, kar ki..." Kawu ya fara.

Ta riga ta yafa. Ta miƙe tsaye ta taka cikin fadamar, ja wur, iska na kaɗa shi.

Gaurakin suka tashi gaba ɗaya, suka nufi teku.

Daga inda dattawa ke zaune Umma Zakiya ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"To ga matar da kake so ka kawo min."

"Haba Umma, ƙila ba ta san doka ba ne," Sirin ta ce da muryar tausayi mai ɗaci.

Haikal ya ratso laka ya iso gabanta. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ta murza zoben, a shirye take ta cire kafin ya nema.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani. So nake ka ɗago ka gan ni, ko sau ɗaya."

"Na gan ki. Tsibirin nan kaf ya gan ki." Ya nuna sama. "Su fa? Teku suka ƙetaro ba ci ba sha. Ko numfashi ba su gama mayarwa ba kika tashe su. Da ni kika mara, Dalanda, da ya fi min sauƙi."

Nan ne kunya ta kama ta. Ta kalli gaurakin suna jan fuka-fuki da ƙyar a saman ruwa, hawaye ya zubo mata.

"Hannunka ta riƙe..."

"In na motsa su tashi. Daurewa na yi saboda su, kina can kina yanke min hukunci."

"Ka yi haƙuri, ruhina."

"Haikal, fito mu tafi," Umma Zakiya ta kira.

Dalanda ta sunkuyar da kai tana jiran ƙarar takunsa. Sai ta ji nauyi a kafaɗarta. Rigarsa ce mai launin ƙasa ya cire, ya lulluɓe ta da ita har jan ya ɓace.

"Ku yi gaba, Umma," ya ce ba tare da ya waiga ba. "Ni da matata muna nan sai sun dawo." Ya ja ta suka durƙusa cikin laka. "Zauna. Kar ki motsa, kar ki yi magana."

Ta zauna. Can nesa gauraka ɗaya ta karkato, wata ta biyo ta.

Dalanda ta shinshina wuyan rigar, ta matso da bakinta kunnensa.

"Wannan turaren na waye?"

"Ƙarnin kifin babanki ne," ya raɗa mata. "Jiya ni na taya shi ɗauka. Yi shiru mana, ga su nan."