Matsar Zane a Bakin Tafki

Daren da na sauka a wani tsohon ƙauye don ganin tafkinsu, na ji ana bugun wanki, tim, tim, bayan sawu ya ɗauke. Ni da son ganin ƙwaƙwaf, sai na fita.

Wata mata ce a bakin ruwa. Ta ce, "Baba, kama mini mu matse zanen nan."

Na kama gefe guda. Tana murɗawa tana ja da baya cikin ruwa, zanen yana naɗe mini hannu yana jana. Can na lura tafukan hannunta juyawa kawai suke yi a wuyan hannu, ko sau ɗaya ba ta sake riƙo ba. Ruwa ya kawo mini ƙirji.

Fitilar maƙwabcin masaukina ta haska ni.

"Tsoho, kai da wa kake ja-in-ja a nan?"